Bawa Mai Faci da Baƙonsa

Duk direban da ya saba bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ya san rumfar Bawa. Tana nan Magama, gefen titi, kafin ka isa shingen kwastan, ƙarƙashin wata tsohuwar darbejiya da manyan motoci suka sha gogar jikinta. Ba wani abin kallo a wurin: injin iska mai tari kafin ya tashi, rabin duro cike da baƙin ruwa inda ake tsoma tif a nemi huji, da tulin tsofaffin tayoyi da masu jira ke zama a kai.

Bawa haifaffen Bugaje ne. Ubansa manomin gero da wake ne, shi ma da noman ya tashi, har wata shekara da ya zo cin rani Jibiya yana ɗan ashirin, ya faɗa hannun wani tsohon mai faci, bai sake komawa da zama ba. Babban yatsansa na hagu a lanƙwashe yake tun ranar da ƙarfen taya ya kuɓuce ya danne shi. Matarsa ɗaya, Salmatu, 'ya'yansu mata uku, duk sun yi aure. Autar, Fatimatu, ita aka kai Maraɗi.

Idan da za ka tambayi mutanen Magama halinsa kafin daminar 2023, ba wanda zai ce maka mai taushin zuciya ne. Za su ce aikinsa na da kyau. Za su ce ba ya son yawan magana, kuma in ya ce ba ragi, to ba ragi. Gaisuwa ma a taƙaice yake amsa ta, idonsa na kan taya. Shi kansa bai taɓa zama ya auna ko shi mai kirki ne ko ba mai kirki ba. Abin da ke ransa a lokacin shi ne barin garin. Gonar gadonsa ta Bugaje ta fi ƙarfin nomawa saboda 'yan bindiga, kuma yayan Salmatu, Alhaji Abdulrazak, ya yi masa alkawarin wuri a bakin garejinsa a Katsina, da ɗaki guda a bayan gida. An tsayar da magana: da an cire amfanin gona sai tashi.

Sai sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka.

Cikin kwana uku layin motoci ya miƙe har ido ba ya ganin ƙarshensa. Direbobi suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin tireloli, suna dafa shayi, suna sauraren rediyo, kowa na cewa gobe ko jibi za a buɗe. Cikinsu akwai wani dogon mutum siriri, mai kimanin shekara hamsin, da ya ɗauko siminti. Hausarsa ta can ƙetare ce, amma ba wanda ya san garinsu. Dogo kawai ake ce masa. Yakan zo inuwar darbejiya da rana ya zauna kan taya, ya yi sallama, Bawa ya amsa, shi ke nan. Sati biyu suna haka, ba su taɓa haɗa magana ta kirki ba.

Ranar wata Talata da azahar, Dogo ya tsuguna yana alwala dab da rabin duron nan. Bawa ya ji buta ta faɗi. Da ya waiwaya sai ya ga mutumin ya kife, bakinsa ya karkace, ƙafarsa ɗaya na shure ƙasa. Mutane suka taru suna salati, kowa na faɗin abin da ya kamata a yi. Bawa ne ya fi kusa, kuma kan mutumin a kan ƙafarsa ya sauka. Ya ɗaga shi, aka tsayar da kurkura, keken haya mai ƙafa uku, aka tura su ciki su biyu. Ba wanda ya biyo su.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ɗauko takarda ta ce, “Baba, wa ya kawo shi?”

“Ni.”

“Ɗan'uwanka ne?”

“Ban ma san sunanshi ba.”

“To wa zai zauna da shi? Ba mu karɓar marar lafiya irin wannan babu mai jinya.”

Bawa ya duba bayansa, ya ga ba kowa sai mai kurkura da ke jiran a sallame shi. Ya ce, “Rubuta Bawa.”

Likita ya ce jini ne ya hau masa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ma ya tafi. Ƙungiyar direbobi ta ɗauki nauyin magani, wannan kam sun yi. Amma a cikin sati biyun da aka yi a asibiti, mai motar ya aiko wani direba ya juya da ita, da simintin, da jakar Dogo, da wayarsa, da duk takardunsa a ciki. Ba wanda ya riƙe lambar motar. Da aka sallame su, shugaban ƙungiya ya dafa kafaɗar Bawa ya ce, “Ka taimaka ka aje shi wurinka kwana biyu, kafin danginshi su ji labari.” Salmatu ta share zaure, ta shimfiɗa tabarma da tsohuwar katifa.

Bawa bai taɓa jinyar kowa ba. Ko iyayensa da suka yi ciwon ajali, mata ne suka yi. Yanzu ga ƙaton mutum kwance a zaurensa, ba ya iya juyawa, ba ya iya riƙe fitsari, ba ya iya cewa ga inda ke masa ciwo. Salmatu za ta dama kunu, za ta wanke tsumma da zannuwa, amma ba za ta taɓa jikin namijin da ba muharraminta ba. Saboda haka ɗagawa, da wanki, da tsarki, da juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, duk suka zama na Bawa. Da safe kafin ya fita, da hantsi, da azahar, da la'asar. Tsakanin rumfa da gida tafiyar minti biyar ce, kuma duniyarsa gaba ɗaya ta dawo cikin minti biyar ɗin nan. Ko jana'iza aka yi a cikin gari, sai ya lissafa ko zai iya zuwa ya dawo kafin lokacin juyi.

Kalma ɗaya ce ta rage a bakin Dogo: sannu. In yana jin ƙishi, sannu. In kafaɗarsa ta gaji da kwanciya, sannu. In ya fusata, sai ya buga hannun hagu a ƙasa ya ce sannu, sannu, sannu, har jijiyar wuyansa ta fito. Da farko abin na ba Bawa haushi. Daga baya kunnensa ya koyi rabe su, yadda yake rabe ƙarar tayar da ke sacewa a hankali da wadda ta fashe.

Kwana biyu suka zama wata biyu. Motoci suka watse, masu komawa Katsina suka koma, masu bin daji suka bi. Aikin faci ya ja baya sai na 'yan babura masu fasa-ƙwaurin mai. A wannan lokacin ne sunan Bawa ya canza.

Mai ƙosan bakin titi ce ta fara. Duk wanda ya tsaya sayen ƙosai sai ta nuna masa rumfa ta ce, “Ka ga wancan? Bawa mai tausayi ke nan. Mutumin da bai sani ba ya ɗauka.” Sai liman ya kawo zancen bayan sallar Juma'a, yana bayanin rahama, ya ce ba sai an je nesa ba, ga jinƙai nan a unguwarmu, a gidan mai faci. Bawa na sahu na huɗu, ya sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka kunya ce. Daga ranar, ko'ina ya bi sai ya ji wata kalma ta biyo shi. Wani ya ce mutumin kirki. Wani ya ce mai imani. Tsofaffi mata su ce Allah ya sa masa taushin zuciya. Maƙwabta kan leƙo zauren su tsaya daga bakin ƙofa, su toshe hanci da gefen mayafi ko hula, su ce, “Wayyo, abin tausayi. Sannu Malam Bawa, Allah shi saka da alheri.” Sannan su wuce.

Shi kuwa ya san abin da ke cikinsa. Ƙyama yake ji in zai kwashe kashi. Haushi yake ji in ya ji buga hannun nan alhali ya fara cin abinci. Wata rana ya gama wanke Dogo tas, ya sa masa wando mai tsabta, bai kai ƙofa ba mutumin ya sake ɓatawa. Bawa ya juyo ya daka masa tsawa: “Kai wai mi na yi maka? Ubanka ne ni? Cikin mutanen Magama duka, don mi sai kan ƙafata za ka faɗi?” Hawaye ya gangaro wa Dogo ta ido ɗaya, ya ce a hankali, “Sannu.” Bawa ya ɗauko ruwa ya sake wanki. Da ya fita, mutumin farko da ya gamu da shi ya ce, “A'a, mai tausayi, an fito?”

Da kaka ta yi, Alhaji Abdulrazak ya zo da kansa daga Katsina. A satin ne 'yan bindiga suka shiga wata unguwa a gefen garin Jibiya da rana tsaka, suka tafi da mutane, kuma gidaje biyu a layin su Bawa sun riga sun kwashe. Alhaji ya leƙa zaure, ya fito, suka zauna a waje.

“Malam Bawa, wuri na nan ina riƙe maka. Amma ɗaki guda ne, ka sani. Ina za a sa wannan bawan Allah?”

“Shi ne nake tunani.”

“Ka kai shi hannun hukuma mana.”

“Na je. Sun ce ba ɗan ƙasa ba ne, kuma ba takarda. Sun ce a jira a buɗe iyaka.”

Alhaji ya ce, “Wallahi abin da ka yi ba kowa zai iya ba. Ni dai ba zan ce ka yar da lada ba.” Ya shiga mota. Bayan wata ɗaya aka ba wani wurin.

Cikin sanyi Fatimatu ta haihu a Maraɗi, haihuwar fari, mace. Salmatu ta hau babur ta bi hanyar daji, yadda kowa ke yi tun da aka rufe titi, don ta yi wa 'yarta wankan jego. Ranar suna aka kira Bawa a waya aka ce an sa wa jaririya Amatullahi, sunan mahaifiyarsa. Ya ji kukanta ta cikin wayar, ya ji guɗa, sannan layin ya yanke. Yana tsaye a tsakar gida, gabansa bahon tsumma, don yanzu wanki da girki ma sun dawo kansa.

A kwana na ashirin da tafiyar Salmatu ya yanke shawara. Bai gaya wa kowa ba. Ya ce wa zuciyarsa ai mutumin nan ɗan can ne, can akwai likita, can wani zai gane shi, kuma ƙasarsu ba za ta bar nata a titi ba. Ya yi wa Dogo wanka, ya sa masa rigarsa ta Juma'a, ya samo ɗan babur. Suka sa shi a tsakiya, Bawa ya ɗaure shi a jikinsa da rawani, suka bi ta cikin gonaki da rairayi har Ɗan Isa, garin farko a ƙetare. Ranar kasuwa ce. Ya ce wa mai babur ya jira shi bakin gari. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar masallacin kasuwa, ya jingina Dogo da bango, ya ajiye masa gorar ruwa ta hannun hagu, da ƙullin magungunansa a aljihu.

“Bari in je in dawo,” in ji shi, bai kalli fuskarsa ba.

Dogo bai ce sannu ba.

Bawa ya yi taku kamar talatin. Ƙafafunsa sun yi sauƙi har abin ya ba shi tsoro. Yana shirin shiga layin masu barkono sai wata murya ta ce, “Kai! Ba kai ba ne Bawa na Magama?” Wani direba ne cikin waɗanda suka yi zaman jira a inuwar darbejiya. Ya kama hannunsa da hannu biyu, ya hango bangon masallaci, ya saki salati. “Wancan ba Dogo ba ne? Har yanzu yana wurinka? Har nan ka ɗauko shi neman magani? Jama'a, ku zo ku ga mutum! Wanga shi ne mai tausayin da nike ba ku labari!”

Mutane suka kewaye shi. Wata tsohuwa ta shafa hannun rigarsa ta shafa a fuskarta. Wani ya kawo dabino, wani ya kawo fura. Wani malami ya ɗaga hannu aka yi doguwar addu'a, Allah ya jiƙan mai jinƙai, Allah ya yi masa rahama yadda ya yi wa baƙo, aka shafa. Bawa ya tambaya ko akwai wanda ya san mutumin ko garinsu. Aka duba, aka girgiza kai. Sannan su da kansu suka taimaka aka kira mai babur aka ɗora Dogo, suka ɗaura rawanin, suna ɗaga musu hannu har suka ɓace.

A hanya kan Dogo na bisa ƙirjinsa, yana jin numfashinsa. Da suka iso gida ya kwantar da shi ya kawo kunu, Dogo ya juya fuska bango. Washegari ma haka. Ya datse haƙora, ruwa kawai yake karɓa, shi ma sai in an ajiye ya ɗauka da kansa. A rana ta uku Bawa ya zauna a ƙasa kusa da katifa da kwanon kunu a hannu, ya ce, “Ka san abin da na je yi. Ni ma na sani. Ban da abin da zan ce maka. Ka yafe mani, ko kar ka yafe, amma ka sha wannan.” Dogo ya dube shi da idon nan mai kyau har kunun ya fara sanyi. Sannan ya buɗe baki.

Da Salmatu ta dawo bayan arba'in, ta zo da hoton jaririya a waya da ƙanshin turaren jego a kayanta. Bawa ya bari ta huta, washegari da hantsi tana tankaɗe ya gaya mata komai, har da addu'ar da aka yi masa.

“Ni ba abin da suke faɗi ba ne, Salmatu. Tausayin nan da ake ta kira, na duba cikina ban same shi ba. In na ji ya buga hannu, ji nake kamar in fita in yi ta tafiya.”

Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, “Su masu leƙowa suna jin tausayin, Malam. Na ga masu hawaye ma. Suna ji, su tafi gida su ci tuwo. Ni ban san abin da ke cikinka ba, na dai san wanda ke wanke shi.”

“To mi sunan wannan, in ba tausayi?”

“Oho. Ka tambayi liman.” Ta buga rariya a gefen ƙwarya. “Kai ko suna ka samu. Wata da watanni ina wanke tsumman mutumin da ban san uwarshi ba, hannuna duk ya tsage, ka taɓa jin an ce Salmatu mai wani abu? Ɗakin Katsina da aka ba wani, ni ma nawa ne. Ban ce ka kai shi ka yar ba, kuma da ka yar da shi da ban san da wane ido zan dube ka ba. Amma kar ka zauna kana ba ni labarin kai kaɗai aka ɗaure.”

Daga ranar dai shi ke ɗebo ruwan wankin kafin ya fita.

Da azumi aka buɗe iyaka. Motoci suka dawo, injin iska ya koma tarinsa. Bawa ya sa aka ɗauki hoton Dogo a wayarsa, kuma duk direban da ya tsaya, kafin a taɓa taya sai ya nuna masa. Bayan ƙaramar salla wani mai ɗaukar dabbobi ya ƙura wa hoton ido ya ce, “Wannan ai Zunnuraini ne. Mutumin wajen Tasawa. An ce ya mutu.” Da Bawa ya koma gida ya tsaya a ƙofar zaure ya ce, “Zunnuraini.” Mutumin ya zabura har kwanon da ke gefensa ya kife.

Sati uku bayan haka yayansa ya iso, wani tsoho ramamme mai faso a dugadugai. Ya durƙusa a gaban katifa ya rungume ƙanensa yana kuka, shi kuma yana ta sannu, sannu, da wata irin murya da Bawa bai taɓa ji ba. Salmatu ta yanka kaza. A tsakar gida Bawa ya ji kansa yana raha da maƙwabta, har ya fara tunanin wace mota ce za ta fi sauƙin kwantar da marar lafiya.

Bayan la'asar tsohon ya ja shi gefe. Ya ce sun nema har sun gaji, mai motar ya ce musu ya mutu a asibitin Najeriya. An yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Matarsa ta yi takaba ta koma gidansu da yara. Uwarsu na nan, makauniya, shi ke riƙe da ita. Garinsu ba likita, rijiya da nisa, bana kuma gero bai yi ba.

“Malam, in na ɗauke shi yau, kashe shi na yi. Na ga jikinshi, ko gyambo ɗaya babu. Mu da muka haɗa nono da shi ba mu iya haka. Kai Allah ya ba zuciyar. Ka ƙara haƙuri zuwa kaka, in na samu abin hannu in zo da mota. Ka ji ƙanmu yadda ka ji ƙanshi.”

Bawa ya buɗe baki. Maganar na nan a kan harshensa, ya san kuma gaskiya ce: ɗan'uwanka ne, ba nawa ba. Amma tsohon ya riga ya kama gwiwarsa, maƙwabta na tsaye suna gyaɗa kai, kuma daga cikin zaure ana jin komai. Ya ce, “Allah shi kai mu kakar.”

Tsohon ya kwana ɗaya ya tafi, ya bar ƙullin busasshiyar yakuwa da lambar wayar wani mai shago a ƙauyensu. Kaka ta zo ta wuce. Wata kakar ma ta zo ta wuce. In an kira lambar, wani lokaci a ce ya tafi daji, wani lokaci ba ta shiga.

Akwai wanzami a unguwar, Lawwali, sa'an Bawa, wanda ke zuwa duk bayan sati biyu ya yi wa Zunnuraini aski. Mutum ne mai daɗin baki. Wata Asabar yana goge aska yana cewa, “Kai dai Bawa ka gama samun Aljanna. Irin kyautatawar nan, irin wannan karamci…”

“Lawwali,” in ji Bawa, “riƙe yabon nan. Ba ni yini guda.”

“Yini kamar yaya?”

“Ka zauna da shi daga safe zuwa la'asar. In je in ga jikata. Ta kusa shekara biyu ban taɓa ɗaukarta ba.”

Lawwali ya dubi askarsa, ya dubi marar lafiya, ya ce zai duba. Bawa ya ɗauka maganar ta mutu. Ranar Lahadi da sassafe sai ga shi da sallama, ya naɗe hannun riga. Bawa ya nuna masa yadda ake sa hannu ƙarƙashin kafaɗa, da inda fo yake, da wace sannu ce ta ruwa, wace ce ta juyi.

Tafiyar Maraɗi ba ta kai awa biyu ba har da tsayawar shingaye. Fatimatu ta fito da gudu ba ko mayafi. Amatullahi na tafiya da ƙafarta, tana da goshin kakarta sak, kuma da aka miƙa ta ga baƙon tsoho mai baƙin hannu sai ta ƙwalla ƙara ta maƙale wa uwarta. Sai da aka ci abinci, ya yi ta kaɗa mata makullin rumfarsa, sannan ta yarda ta zauna a cinyarsa, tana jan lanƙwasasshen yatsan nan. Bai fi rabin awa da samun haka ba ya ga inuwa ta juya. Fatimatu ta ce, “Baba, ka kwana mana, ko ɗaya.” Ya ce ba dama, ya miƙe.

Ya tarar da Lawwali zaune a dakalin ƙofar gida, rigarsa jiƙe, fuskarsa ta yi fari. Bai yi yabo ba. Ya ce, “Ban san haka abin yake ba.” Ya wanke hannu sau uku ya tafi. Amma da wata ya kama ya dawo, kuma tun daga nan Lahadin farko ta kowane wata tasa ce, sai in ya yi tafiyar kaciya ƙauye.

Bawa na nan a Magama har yanzu. Gashinsa ya yi fari, bayansa na ciwo in ya ɗaga babbar taya, kuma ya daina zancen Katsina. Zunnuraini ya ɗan yi ƙiba, yana iya zama da kansa in an jingina shi, amma magana ba ta ƙaru ba. Baƙin direbobi kan tsaya su tambaya ko nan ne wurin mai tausayi, shi kuma ya ce, “Wace taya ce?”

Ba kowace Lahadin Lawwali ce Bawa yake zuwa Maraɗi ba. Wani lokaci ba ya zuwa wurin kowa. Yakan hau babur zuwa bakin dam ɗin Jibiya, ya sami inuwa nesa da masu kamun kifi, inda ba wanda ya san shi, ya cire takalmi ya zauna yana kallon ruwa. Ba ya tunanin komai mai tsawo. In ya ji kiran sallar la'asar daga cikin gari sai ya sa takalminsa ya tashi, don wankan yamma aikin mutum biyu ne ga wanda bai saba ba, kuma Lawwali har yanzu bai iya ɗaga shi shi kaɗai ba.